Maganin Caina da Gumin Innarku

Kafin in yi nisa bari in rage muku aiki: wawan da ke cikin wannan labari ni ne, ba Habibu ba. Ina jin abin da kuke faɗa idan kun haɗu wajen suna ko ɗaurin aure, wai shi ya kawo maganin Caina da ya kusa kai Innarku kabari. Shi kuma, ko don ladabi ko don tsoron idona, bai taɓa buɗe baki ya kare kansa ba. To ni zan kare shi yanzu, tunda na tsufa kuma babu mai iya dukana a cikinku.

Kun san iyakar bokona aji huɗu ne, sai shekarun da na yi ina masinja a sakatariya, ina kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Amma mutum ya shekara ashirin da takarda a hammata, ai dole wani abu ya tsotsa ya shiga jini. A unguwarmu a Kibiya, duk wanda ya sayo magani a kemis sai ya biyo ta zaurena in karanta masa: biyu da safe, biyu da yamma, kada a sha ciki ba komai. Da haka aka fara ce mini Dakta. Da farko tsokana ce, ni ma ina dariya. Daga baya na daina dariyar, na sayi tabarau.

Ciwon Innarku ya fara ne a ƙarshen daminar da ruwa ya kayar mana da katangar gabas, lokacin da kowane gida akwai mai zazzaɓin cizon sauro a kwance, don haka ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Sau biyu ta sha maganin maleriya, ni na karanta, ni na ɓalla mata ƙwayar. Sai dai wannan zazzaɓi mai tarbiyya ne, yana da lokacin zuwa kamar ma'aikacin gwamnati na da. Da safe garau take, ta yi shara, ta dama koko, ta yi mini faɗan takalmin da na shigo da shi da taɓo. Ana idar da la'asar sai in ga ta jawo tabarma gindin rumbu ta lulluɓa da zani biyu. Da asuba kuwa idan na fito alwala, in tarar har ta shanya zaninta da rigarta da zanen gado a igiya, suna ɗiga kamar an tsamo su daga rijiya. Ga kuma wani ɗan tari, ƙarami, busasshe, irin wanda mutum yake yi idan yana so a lura ya shigo.

Tarin nan ne ban so ji ba. Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba: kakanku tarin fuka ne ya kashe shi, wanda ku kuke ce wa tibi, ina ɗan shekara tara. A gidanmu ba a kiran sunan ciwon. An mai da shi ɗakin baya kusa da turken awaki, aka ɗaura wa ƙoƙonsa jan zare don kada wani ya sha da shi, mu ƙanana aka hana mu ko leƙawa. Maƙwabta suka daina karɓar tuwonmu. A kai kwano, ya dawo a rufe yadda ya tafi, a ce sun ƙoshi. Ta cikin zana nake jiyo tarinsa har ranar da na daina ji. Saboda haka da na ji wannan sauti ya fito daga ƙirjin Innarku, sai na yi abin da kowane babban likita irina zai yi: na ce sanyin damina ne, na hana ta shan ruwan randa.

Ana cikin haka Habibu ya zo gida ran wata Juma'a. Lokacin yana yaron shago a wurin wani Alhaji mai atamfa a birni, wanda yake zuwa ƙasar Sin saro kaya. Ashe Alhajin ya taɓa kwanciya ciwo a can, ya warke amma zazzaɓin yamma da gumin dare suka ƙi sakinsa, sai aka kai shi wurin wani mai maganin gargajiyarsu ya haɗa masa, ya sha ya ji daɗi, ya dawo da saura. Habibu ya ba shi labarin Inna, shi kuma ya ɗauko ya ba shi. Ƙulli goma ne a farar takarda. Ka kwance ɗaya ka ga busasshen ganye, da saiwoyi yankakku iri uku, da wasu ɓarɓashi masu tauri kamar fasasshen faranti. A jikin ledar akwai rubutunsu, ƙananan tagogi da tsani-tsani, a ƙasa kuma layi ɗaya na Turanci. Kalma uku na gane a layin: dare, gumi, zazzaɓi. Na cire tabarau na goge, na mayar, na sake karantawa. Kamar mai maganin yana zaune a tsakar gidanmu lokacin da ya rubuta.

Ga maganar da nake so ku riƙe, don ita ce dalilin wannan babi. Habibu ya durƙusa a zaure ya ce:

"Baba, Alhaji ya ce in faɗa maka, shi ma sai da likita ya duba shi a can kafin a haɗa masa wannan. Ya ce a fara kai Inna asibiti a gwada ta. In ba a ga komai ba, sai a ba ta."

"Kai da ni wa ya san magani?" na ce.

"Kai ne, Baba."

"To ka bar wa masu abin abinsu."

Ya bari. Laifinsa ke nan a duniya, ya ji maganar ubansa.

Ni da kaina nake dafawa, ƙulli ɗaya a rana, a tukunyar ƙasa, ruwa kofi uku a bar shi ya ƙone ya koma ɗaya. Kuma in faɗi gaskiya, maganin ya yi abin da aka rubuta a jikinsa. Kwana huɗu zazzaɓin ya yi sauƙi, ta daina neman zani na biyu. Ran na shida na fito da asuba na ga igiya ba komai a kai. Na tsaya ina kallon igiyar nan kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. A bakin masallaci na ba da labari, na ƙara gishiri, har na yi bayanin cewa mutanen Sin sun riga Turawa sanin jikin ɗan Adam, kamar da ni aka yi. Tarin dai yana nan. Awarwaronta ma, wanda da sai da sabulu yake fita, yanzu idan ta ɗaga hannu za ta ɗaura ɗankwali sai ya zame har gwiwar hannu. Ina gani. Kada wani ya ce muku ban gani ba. Sai in kau da kai in kalli igiya.

Ƙulli goma suka ƙare, bayan kwana biyar igiya ta sake cika. Na kira Habibu a waya. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an kai ta asibitin Rano.

"An duba ta," na ce.

A lissafina ban yi ƙarya ba, ni na duba ta. Ya ce Alhaji ba zai sake tafiya ba sai bayan azumi, wata huɗu ke nan. Na ce to ya ɗauko hoton ledar da ya ɗauka, ya sa wayar nan tasu mai juya rubutu ta gaya mana abin da ke ciki. Ya karanto mini abu biyar. Ganyen, in ji wayar, ɗan'uwan tazargade ne. Ɓarɓashin nan mai tauri ƙwaryar kififiya ce, kunkurun ruwa. Saiwoyin uku kuwa sunayensu ko shi harshensa bai iya juyawa ba. Na ajiye waya ina murmushi. Tazargade da ake sayarwa a faifai a kasuwarmu, da kififiyar da masunta suke jefarwa, su ne aka ɗora a jirgin sama aka kawo mana daga bangon duniya? A ranar na yanke shawarar zan haɗa da kaina.

Dama na ɓoye ƙwaya ɗaya-ɗaya ta kowace saiwa a kwalin ashana. Ran kasuwa na kai wa wani mai saiwoyi, muka zauna muna shinshinawa muna gwada launi. Wadda ta yi baƙi muka samo mata baƙa, mai ɗaci muka samo mata mai ɗaci. Da na tambaye shi ko ya tabbata su ne, ya ce duk saiwa ai daga ƙasa take, ƙasa kuma ɗaya ce. Wannan bayani ya gamsar da ni ƙwarai.

Saura kififiya. Aka ce sai wajen Rurum, inda masuntan dam suke. Na ɗauki Sale maƙwabcinmu mai acaɓa. Daga Kibiya ba ka isa Rurum sai ka ratsa ta Rano, kuma hanyar da muka bi ta gaban asibiti ta wuce. Sale ya rage gudu, ya nuna ƙofar da haɓa.

"Dakta, ga ofishinku. Ba za ka leƙa ku gaisa da abokan aiki ba?"

Na ce ya ja mu tafi, rana tana yi. Na yi dariya. Akwai wasu mutane zaune a benci daban, can gefe a ƙarƙashin darbejiya, kowa da ƙyalle a baki, sai zuciyata ta nuna mini Innarku a cikinsu ƙiri-ƙiri, da zaninta mai ruwan goro. Sau biyu na wuce ƙofar nan a rana ɗaya, zuwa da dawowa. Da a ce ita na goyo a babur ɗin maimakon buhun kififiya, da labarin ya ƙare a nan.

A bakin ruwa wani masunci ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Baba, naman kake so, ko wani aiki za a yi wa wani?"

Na ce magani ne na ƙasar waje. Ya ce shi dai tun kakansa ba su san kififiya ta taɓa fita waje ba. Ya tono mini ƙwarya biyu a bayan bukkarsu, da sauran nama a jiki. Na kawo gida na kankare, na gasa a kasko, na daka a turmi. Warin da ya tashi ran nan har awaki sai da suka koma ƙarshen igiyarsu. Na dafa, na tace, na miƙa mata. Ta kurɓa, ta runtse ido, ta daɗe kafin ta haɗiye.

"Malam, in dai wannan ne maganin, ciwon ya fi shi daɗi."

Amma ta shanye. Sati uku tana sha, safe da yamma, ba ta taɓa zubarwa ba. Zazzaɓin ya ɗan lafa kwana biyu ya dawo, sai in ƙara tazargade. Abinci ya daina shiga, sai in rage saiwa mai ɗaci. Na samo littafi ina rubutawa, yau zani ɗaya, yau zani biyu. Ba na iya cin tuwo in ƙoshi, in ina salla sai in kasa kunne ina ƙirga tarinta in manta raka'a ta nawa nake. Duk wanda ya tambaye ni jikinta kuwa, in ce da sauƙi sosai, saura ƙarfi.

Gwaggonku Abu ce ta kawo ƙarshen aikina na likita. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara bakwai, kuma har yau a idonta ban wuce yaron da take yi wa wanka ba. Bayan an cire gyaɗa ta zo daga Tarai da ɗan ƙunshinta, wata biyu rabonta da gidan. Ta yi sallama, Innarku ta taso daga tabarma za ta karɓi kayan, sai na ga Yaya ta tsaya cak, ba ta saki ƙunshin ba. Ta gaisa, ta sha ruwa, ta ce bari ta gyara wa mara lafiya ɗaki. Jim kaɗan ta fito da wani kasko cike da toka wanda ta jawo daga ƙarƙashin gado, ta ajiye a gabana, ta sa tsinke ta tona. Majina ce a ciki, da jini, wani ya bushe ya yi baƙi, wani na ranar ne.

"Tanko," ta ce. Ita kaɗai ta rage mai kirana da wannan suna. "Mene ne wannan?"

Na ce wataƙila maƙogwaro ne ya kurje saboda tari, kuma maganin da muke yi yana fitar da dattin ciki.

"Ni na riƙa kai wa Baba abinci. Ni nake zubar da kaskonsa. Kai kana bayan zana kana kuka. Ni za ka yi wa bayanin maƙogwaro?"

Na juya wurin Innarku na ce tun yaushe. Ta ce tun kafin in je Rurum. Na ce me ya sa ba ta faɗa ba.

"Na ga ba ka so a faɗa, Malam."

A nan ne na lura da abin da ya fi wata guda yana gabana. Kofin silba mai lanƙwasasshen baki, wanda da muke ɗiban tsaba da shi, shi kaɗai take shan ruwa da shi, kuma ba ta ajiye shi a kan randa, a taga take ajiyewa. Ta daina cin abinci kwano ɗaya da kowa, tana cewa ba ta jin yunwa yanzu. Jikokin da suke zuwa ta daina ɗaukarsu, wai hannunta yana ciwo. Ashe ita tuni ta gane, ta ware kanta a hankali ba tare da ta sa ni jin sunan ciwon ba. Ni ina tsammanin ina ɓoye mata, ashe ita take lallaɓa ni.

Yaya ba ta nemi shawarata ba. Ta aika aka kira mai mota, ta ce in ɗauko hulata in ina zuwa, in ba na zuwa in matsa daga ƙofa. A asibiti aka ba Innarku 'yar kwalba ta tofa majina, aka ce mu dawo gobe. Ban san tsawon yini ba sai ran nan. Na zauna a zaure, mutum biyu suka kawo magani in karanta musu, na ce tabarau ya ɓata. Washegari ma'aikaciyar, yarinya ce sa'ar Rabi ƙanwarku, ta dubi takarda ta faɗi sunan da na shekara hamsin ina gudu, a sake, kamar tana faɗin mura. Ta ce ana warkewa, maganin kyauta ne, wata shida za a sha ba fashin ko rana ɗaya, kuma duk mutanen gidan sai an gwada su. Sannan ta tambayi tun yaushe ake gumin. Na ce wajen wata uku. Ta ɗago ta dube ni.

"Baba, wata uku kuna ina?"

Na ciro ledar Caina daga aljihu, na kuma ba ta labarin nawa haɗin, har da kififiya, don a lokacin ina ganin ya kamata ta san da wa take magana. Ta juya ledar ta ce ita ba ta san maganin mutanen Sin ba, mai yiwuwa yana yi wa wanda aka haɗa dominsa aiki, amma sanyaya jiki daban, kashe ƙwayar cutar da ke cin huhu daban. Nawa haɗin kuwa, ta ce a daina yau, kuma sai an duba hantarta kafin a fara ba ta ƙwaya, don ba a san abin da saiwoyin suka yi mata ba. Kwana biyu muka ƙara muna jiran wannan sakamako. Allah ya rufa asiri hantar ba ta taɓu sosai ba. Hoton ƙirji da aka tura mu birni muka ɗauka shi ne bai zo da daɗi ba: gefe ɗaya ya ciwu, likitan ya ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai a tsare saura.

Sauran kun sani, don kuna gani. Ta warke, amma tun daga shekarar ba ta sake riƙe taɓarya ba, kuma daga ɗakinta zuwa zaure sai ta tsaya ta dafa bango ta huta. Wannan numfashin da kuke ji yana fita da ƙyar idan ta yi dariya, ba tsufa ba ne, wata ukun nan ne nawa. Maƙwabta kuwa, gida biyu suka dawo mana da kwano, sati uku suka yi suna haka suka gaji, suka ci gaba da aiko yara karɓar yaji. Abin da na sayar da huhun matata don in guje masa ke nan.

Za ku ce daga nan na yi hankali. Ku saurara. A wata na huɗu da fara shan ƙwaya, jikinta ya fara dawowa, Habibu ya zo dubiya, Yaya Abu ma tana nan. Muna zaune a tsakar gida da hantsi, Innarku tana tsince shinkafa a faifai, ana hira ana dariya, sai na ji tsohon ciwona ya motsa. Na gyara zama, na gyara tabarau.

"Amma dai a faɗi gaskiya," na ce, "na Cainan nan ba ƙarya ba ne. Kowa ya ga igiya ta bushe. Matsalar kawai ƙarewa da ya yi. Da Alhaji ya kawo da yawa muka ci gaba da na asali, da gumin nan ya tsaya gaba ɗaya."

Habibu ya sunkuyar da kai. Yaya ta buɗe baki, amma Innarku ta riga ta. Ko ɗagowa ba ta yi daga faifan ba, ta ɗauke wata tsakuwa ta jefar.

"Da ya tsaya, Malam. Gawa ai ba ta gumi."